Mijina Tsohon Soja Ne, Ni Da Ɗanmu Muke Ɗaukarsa Zuwa Banɗaki

Assalamu alaikum Anti. Daga jihar Texas ta Amurka nake rubuto miki, inda muke zaune da maigidana da yaranmu uku. Shi ɗan Zariya ne, ya zo ƙasar nan yana saurayi ya shiga soja. A 2011 bam ɗin gefen hanya ya tashi da motarsu a Afganistan, ya ji rauni a ƙashin baya. Lokacin da aka sallame shi yana tafiya da sanda, aka yanka masa kuɗin nakasa na kashi 70 cikin 100. Yau shekara biyu ke nan ƙafafun sun daina ɗaukarsa, yana kan keke. Gidan haya muke, matakala uku a bakin ƙofa, keken ba ya shiga ƙofar banɗaki, wanka kuma a cikin baho mai zurfi. Ni da babban ɗanmu mai shekara 15 muke ɗaga shi, har bayana ya fara ciwo. Na ce mu nemi taimakon gwamnati, ya ce shi ba almajiri ba ne, akwai waɗanda suka fi shi buƙata. Hajiyarsa kuma kullum tana kan waya a dawo mata da ɗanta, dangi sun isa su kula da shi. Kwanan nan ya rage shan ruwa, ya rage magana, ranar nan har ya ce da ma a can ya ƙare. Na tara dala 4,000 zan sa a fasa ƙofar banɗakin. Anti, in fasa ne, ko in kwashe mu mu koma gida?

Daga wata ƙanwarki a Texas

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri, ya ba maigida sauƙi.

Kada ki fasa ƙofar nan tukuna, kada kuma ki yanki tikiti. Zan zo kan dalili. Amma akwai magana biyu a ƙarshen wasiƙarki da suka hana ni sakat, kuma da su zan fara.

Mutumin da ya ce da ma a can ya ƙare, ba a barin maganarsa ta wuce a matsayin ɓacin rai. Ki samu lokacin da yara ba sa kusa, ki zauna daidai tsayin kekensa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Akwai layin gaggawa na tsofaffin sojoji a Amurka: a kira 988, a danna 1. Dare da rana ake ɗauka, kuma ke ma a matsayinki na matarsa kina iya kira ki nemi shawara. In akwai bindiga a gidan, kamar yadda take a gidajen tsofaffin sojoji da yawa, a kulle ta, harsashi ya zauna wani wuri dabam. Asibitocin tsofaffin sojoji suna ba da makullin bindiga kyauta. Wannan a yau za ki yi shi.

Sai maganar ruwa. Ita ce ta sa na ajiye wasiƙarki na yi shiru na ɗan lokaci, domin na san ta a gidanmu. Lokacin da ɓarin jikin mahaifina ya shanye, mun lura kofin da muke ajiye masa da safe yana kaiwa la'asar bai taɓa ba. Muka ɗauka ciwon ne ya ɗauke masa ƙishi. Ashe lissafi yake yi: kowane kofi ɗaya, kira ɗaya ne ga 'ya'yansa su zo su kama shi zuwa bayi. Mutumin da ya aurar da mu, ya gwammace leɓensa ya tsage da ya sake kiran sunana da tsakar dare. Abin da ya warware matsalar bai taka kara ya karya ba. Wani mai walda a unguwa ya kafa ƙarfen dafawa biyu a bango, aka sa kujerar bayi mai tsayi, aka rataye buta inda hannunsa mai lafiya zai kai. Ranar da ya shiga ya rufe ƙofa da kansa, ya fito da danshin alwala a gemunsa, a daren ya nemi shayi har kofi biyu.

Ina kyautata zaton lissafin da maigidanki yake yi ke nan. Ga mai rauni a ƙashin baya kuwa ƙarancin ruwa haɗari ne sosai, yana jawo ciwon mafitsara da na ƙoda, don haka ki sanar da likitansa. Abin da ke cin sa a rai ya wuce ƙafa. Ɗansa na cikinsa ne yake ɗaga shi tsirara zuwa baho. Duk abin da zan lissafa miki a ƙasa manufarsa ɗaya ce, ya koma yana shiga banɗakinsa shi kaɗai ya ja ƙofa.

To, me ya sa na ce kada ki fasa? Na farko, gidan ba naku ba ne. Dokar gidaje ta tarayya ta tilasta wa masu gidajen haya su bar mai nakasa ya yi gyaran da ya dace da buƙatarsa, amma sai an nemi izini, kuma mai gidan yana iya cewa a mayar masa da cikin gidan yadda yake ranar tashi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci: Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda kowa ke kira VA, tana da kuɗin wannan aikin, amma ƙa'idarta ita ce a nema a amince kafin a fara. In kika riga kika yi da kuɗinki, kada ki sa ran za a mayar miki. Ki riƙe dala 4,000 ɗinki, za su yi rana.

Ƙofar farko da za ku ƙwanƙwasa ita ce ta likitansa na VA. Ku faɗa masa gaskiyar yadda ake wanka da yadda ake shiga bayi a gidanku, ba tare da kunyar nan tamu ta "alhamdulillahi, da sauƙi" ba. A ɗakin likita wannan kalmar tana iya jawo muku asara, don abin da kuka faɗa shi ake rubutawa. Ku nemi a haɗa ku da ma'aikacin da ke duba yadda mutum yake hidimar kansa a gida, OT suke ce masa. Shi zai auna ƙofofi, ya ga bahon, ya rubuta abin da ake buƙata. Abubuwa da dama ba sa bukatar fasa komai, kuma sashen kayan taimako na asibitin yana bayar da su in likita ya rubuta: bencin da ake ɗorawa a kan baho mutum ya zame daga keke ya zauna, kujerar wanka, shawa ta hannu, gangaren ƙarfe mai naɗewa na bakin ƙofa. Ita kanta ƙofar, wani lokaci inci biyu kacal ke hana keke wucewa, kuma akwai irin hinjin da ke janye ƙyauren gaba ɗaya daga hanya ya ba da kusan wannan inci biyun. Abin da ake so a samu shi ne faɗin inci 32 a buɗe. Ki sa a auna kafin a kira mai guduma. Tunda a Texas kuke, ki sani asibitin VA na Houston yana da cibiya ta musamman ta masu raunin laka, kuma ya dace a ce suna ganinsa.

In gyaran ya kai ga taɓa gini, akwai tallafin da ake kira HISA. Ga wanda nakasarsa ta samo asali daga aikin soja, yana kaiwa dala 6,800 a tsawon rayuwa, kuma ɗan haya ma yana samu. Da shi ake faɗaɗa ƙofa, a cire baho a yi wurin wanka da keke zai shiga, a sauke wurin wanke hannu, a yi gangaren shiga gida. Ana cike fom mai lamba 10-0103, a haɗa da takardar likita, da ƙiyasin ɗan kwangila dalla-dalla, da hoto mai kala na wurin kafin gyara, da takardar amincewar mai gidan wadda notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu a takardu, ya buga wa hatimi. Dala 6,800 ba ta da yawa a farashin gini na yanzu, shi ya sa nake so ki kashe ta inda ta fi zafi, wato banɗaki. A can ne kuma kuɗin da kika tara za su cike gibi. Ki roƙi a sa wurin wanke hannu wanda gwiwarsa za ta shiga ƙarƙashinsa daga kan keke, da ɗan tiyon tsarki kusa da masai. Ɗan kwangila Ba'amurke ba zai yi tunanin alwala ba sai kin faɗa masa.

Gargaɗi kan matakalar nan uku: kada wani mai son taimako ya ɗora muku katako biyu ya ce an gama. Ƙa'idar gangare ita ce kowane inci ɗaya na tsayi yana buƙatar ƙafa ɗaya ta tsawo. Matakala uku sun kai kamar inci 21, ke nan gangaren ƙafa 21. In ya gaza haka da yawa, ba zai iya tura kansa sama ba, saukowa kuma keken zai ƙwace masa.

Yanzu ga babbar maganar, wadda nake ganin shekara biyu kuna zaune a kanta ba ku sani ba. Kashi 70 ɗin nan an yanka shi ne lokacin da yake tafiya da sanda. Mutumin da aka auna a wancan lokacin ba shi ne yake gidanki yau ba. Yana da damar neman a sake duba shi a ƙara masa. In aka tabbatar ya rasa amfanin ƙafafunsa biyu sanadin raunin aiki, kuɗin wata zai canza, akwai ƙarin diyya ta musamman ga irin wannan rashi da ga wanda yake buƙatar wani ya taimaka masa kullum, sannan ƙofar tallafin gida mai suna SAH za ta buɗe. Wannan shi ne babba: a shekarar kuɗi ta 2025 ya kai dala 121,812, kuma ana daidaita adadin duk ranar 1 ga Oktoba. Sharaɗinsa gidan ya zama nasa, ko wanda zai saya ko zai gina. Ba dole a cinye shi a zama ɗaya ba, tun 2020 doka ta ba da damar a ciro daga cikinsa har sau 6 a rayuwa. Fom ɗinsa 26-4555. Akan haɗa mutum da jami'i guda da zai bi aikin tun daga zanen gida har biyan ɗan kwangila. Na san abin da zai fara zuwa zuciyar maigidanki, don haka ki gaya masa tun da wuri: wannan kyauta ce daga baitulmali, ba bashi ba ce, babu ruwa a kanta, ba a mayarwa. Kuma a Texas, tsohon sojan da aka ba kashi 100 ba ya biyan harajin gidan da yake zaune a ciki. Ba na ce ku tashi sayen gida gobe ba. Ina so dai ku san cewa wannan gidan hayar mai baho ba shi ne ƙarshen zance ba.

Akwai kuma shirin da ya fi dacewa da halin da zuciyarsa take ciki. Yana ƙarƙashin sashen VA mai mayar da tsofaffin sojoji bakin aiki, VR&E, wanda wasu ke kira Babi na 31. Ɗaya daga hanyoyinsa biyar an ware ta ne ga wanda nakasa ta hana shi aiki a yanzu, sunanta a bakinsu Independent Living, wato mutum ya iya tafiyar da rayuwarsa da kansa. Ana haɗa shi da mai ba da shawara, su zauna su biyu su rubuta abin da yake so ya iya yi ba tare da an kama shi ba, a gida da cikin jama'a, sannan a nemo kayan aiki da horon da za su kai shi can. Yawanci shirin yana ɗaukar har wata 24. Ana nema da fom 28-1900. In an sallame shi daga 1 ga Janairun 2013 zuwa sama, babu wa'adin nema. In kafin nan ne akwai wa'adin shekara 12, amma ana tsawaita shi ga mai nakasa mai tsanani. Abin da ya sa nake son wannan shirin, shi ake tambaya. Shekara biyu ana yanke masa komai, daga lokacin wanka har rigar da zai sa. A nan za a ce masa: me kake so? In amsarsa ita ce ya je Juma'a da kansa, to a rubuta haka. Akwai ma tallafin sayen mota da na sa mata kayan tuƙi da hannu ga wanda ya rasa amfanin ƙafa, shi ma sai an amince kafin a saya.

Duk wannan takardun kada ki ɗauke su ke kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da PVA suna da wakilai da VA ta amince da su, suna cike takardu su bi sawu kyauta. PVA ma ta masu raunin laka ce musamman. Duk wanda ya ce ki biya shi, ko ya nemi kaso daga kuɗin maigida don ya shigar muku da buƙatar farko, ki rufe masa ƙofa.

Sai yadda za ki shawo kansa, wanda na san shi ne ainihin abin da ya kawo ki. Ina ganin kalmar "taimako" ce ta ɓata miki zance. Namiji irin nasa, Bazazzagi kuma soja, in ya ji taimakon gwamnati, ƙoƙon bara yake gani. Ki canza kalmar, domin ba ma ita ce daidai ba. Ranar da ya sa hannu ya shiga soja, alkawari aka ƙulla: shi ya ba da jikinsa, su kuma suka ɗauki nauyin abin da zai same shi. Ya cika nasa a kan hanyar Afganistan. Wanda ya yi aiki ya je karɓar ladansa ba a ce masa almajiri. Batun wai akwai waɗanda suka fi shi buƙata, karamci ne daga gare shi, amma in ya bar haƙƙinsa ba a miƙa wa wani soja, zama kawai yake yi. Wanda yake biyan kuɗin wannan karamcin a yanzu shi ne bayanki da yaro ɗan shekara 15.

Amma kada ki faɗa masa haka da sigar gori, kada kuma ki je ki cike komai a ɓoye ki kawo masa ya sa hannu. In kika yi haka kin ƙara masa abin da yake gudu, a yi masa abu kamar yaro. Ki ce masa: "Baban yara, bayana ya gaza, kuma ina tsoron ranar da za mu faɗi da kai. Ina so ka jagorance mu a wannan aikin." In akwai abokin aikinsa na soja da yake jin maganarsa, ko limamin masallacinku, ki sa su zo. Sau da yawa abin da mata ta faɗa sau goma, tsohon abokin yaƙi sau ɗaya zai faɗa a ji.

Ke ma kina da haƙƙi, kuma ban ga alamar kin sani ba. Akwai shirin VA na masu jinyar ɗan'uwa a gida. Sharaɗinsa tsohon sojan ya kai kashi 70, wanda maigidanki ya riga ya kai, kuma yana buƙatar kulawar wani ta aƙalla wata 6 a jere. In aka amince, ana biyan mai jinya alawus duk wata, a koya mata yadda ake ɗaga mutum ba tare da ta ji ciwo ba, a ba ta hutun aƙalla kwana 30 a shekara inda wani zai karɓe ta, da inshorar lafiya in ba ta da wata. Fom 10-10CG, ku biyu kuke sa hannu. Ki je a duba bayan nan naki. Yaron kuma a sauke masa wannan nauyin da wuri. Ya tura keken babansa zuwa masallaci, wannan abin alfahari ne gare su duka. Wanka kuwa, kowannensu zai fi son a raba shi da shi.

Game da Hajiya, kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Uwa ce da ɗanta yake ciwo a inda hannunta ba ya kaiwa, kuma akwai gaskiya a maganarta. Zariya tana da abin da Texas ba ta da shi: a fito da shi ƙofar gida bayan la'asar, abokan ƙuruciya su kewaye shi, a yi ta hira har magariba. Kaɗaicin Amurka ciwo ne mai zaman kansa, ina kuma zargin yana cikin abin da ya rufe masa baki. Sai dai ki auna da kyau. Kuɗin nakasarsa zai ci gaba da shiga ko yana Najeriya, kuma akwai tsarin da VA take biyan kuɗin maganin raunin aiki a ƙasar waje. Amma alawus ɗin mai jinya na mazauna Amurka ne, cibiyar masu raunin laka ba za ta bi ku ba, haka mai gyaran keke. Najeriya ta yi dokar kare masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma ke ma kin san kwatocin unguwa da yashin lungu da dokin ƙofar zaure. Dangi za su ɗauke shi da hannu bibbiyu, da ƙauna, a wata na farko da na biyu. Bayan nan kowa zai koma neman abincinsa, a bar ki da aikin da kike yi yanzu. Ko da ma ba su gaji ba, ɗaukar dai ita ce, kuma ɗaukar ce take sa shi ƙin shan ruwa.

Shawarata a jinkirta maganar komawa har a sake duba shi, a gyara banɗakin, ya samu wata shida yana hidimar kansa. Daga nan shi da bakinsa ya faɗi inda yake so ya zauna, ku kuma je ziyara ku gani da ido. Kafin lokacin, ki riƙa kiran Hajiya ta bidiyo ke da kanki, kada ki jira ta kira. Ki nuna mata ƙofar, ki nuna mata bahon, ki ce: "Hajiya, haƙƙinsa muke nema, a sa mana albarka." In ta sa baki ta ce masa ya je ya karɓi abinsa, ina ganin an gama.

Yau da daddare, bayan kin yi masa waccan tambayar ta farko, ki nemo tef ɗin awo ki miƙa masa. Ki ce ya auna faɗin kekensa daga taya zuwa taya, ke ki riƙe ɗaya bakin a ƙofar banɗaki ya karanta, ya rubuta lambobin biyu da hannunsa a takardar da za ku kai wa likita. Ki rubuto mini abin da OT ya ce bayan ya zo gidan, ina jira.